Kujerar Kakana a Majalisar Masu Haƙar Kwal

Kakana bai taɓa fita daga Najeriya ba, ko Legas bai sani ba, amma yau sunansa yana maƙale a jikin wata kujera a birnin Durham na ƙasar Ingila. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in faro masa daga tushe, shi ya sa na zauna na rubuta, in huta da maimaitawa.

Ni haifaffen Bukuru ne, amma asalinmu mutanen ƙasar Katsina ne. Kuza ce ta kawo mu. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawan Ingila suka rasa babbar hanyarsu ta samun kuza, sai suka juyo kan tsaunukan Jos. Aka yanka wa kowane hakimi adadin mutanen da zai bayar, shi kuma ya yanka wa dagatansa. Wannan shi ne abin da tsofaffi suke kira diban gwamna. Kaka yana saurayi, ko aure bai yi ba, aka sa shi a layi. Ya ce da riga ɗaya ya iso, kuma bai taɓa sanin akwai sanyi irin na Filato a duniya ba. Waɗanda suka zo tare da shi wasu ciwon haƙarƙari ya kashe su, wasu suka gudu cikin dare. Da aka daina diban a 1944 shi bai koma gida ba. Ya ci gaba da lebura a barikokin kuza, yau Barikin Ladi, gobe Bisichi, har ya yi aure ya kafa gida a Bukuru.

Abin da na fi tunawa da shi shi ne tsakar kansa. Akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu da gashi ba ya fitowa, fatar ta yi kauri ta yi sheƙi, inda gammo ya ci shekara da shekaru. Kwanon sarkin da ya yi dakon ƙasa da shi kuwa yana nan a gidanmu. Tun ina yaro a ciki ake zuba wa awaki dusa, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Baba ya ɗan fi shi sa'a, ya zama makaniken injinan kamfani. An haife ni a 1985, shekarar da farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan, kuma ba a daɗe ba aka sallame su. Saboda haka ni ban tarar da kuza a matsayin arziki ba. Abin da na tarar shi ne kududdufai masu koren ruwa da ake hana mu zuwa, don kusan kowace damina sai sun ci yaro, da ramukan loto da samari ke shiga da igiya da tocila. Baba yakan ce su ma sun yi ƙungiya, sun yi yajin aiki, an yi musu ƙarin kuɗi. Amma labari ne na baka kawai. Bai taɓa riƙe hannuna ya kai ni wani wuri ya ce nan muka zauna ba.

A 2018 Allah ya yi mini tafiya karatun digiri na biyu a arewa maso gabashin Ingila. Kuɗin da na zo da shi bai kai ko'ina ba, sai na kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu, awa 20 a mako kamar yadda bizar ɗalibi ta yarda. Aiki ne da ban taɓa zaton zan yi ba: ka yi wa tsoho wanka, ka sa masa kaya, ka haɗa masa shayi, ka tabbatar ya sha magani. Watannin farko ko Baba ban gaya wa gaskiyar aikin ba, na ce masa a ofis nake.

Cikin waɗanda aka ba ni akwai wani tsoho a Easington, wani gari a bakin teku. Yana dab da shekara 80, numfashinsa kamar ana hura zugazugi. Turancinsa ba irin wanda muka koya a makaranta ba ne, sai da na yi wata guda kafin in fara kama rabin abin da yake faɗa. Ni dai da Baba nake kiransa, don bakina ba zai iya kiran sunan sa'an mahaifina gatsal ba. Da farko ya yi tsammanin wani abu nake nema, da na yi masa bayani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata safiya ina goge masa baya na ga wasu shuɗɗan layuka a fatarsa, a kafaɗa da gwiwar hannu da goshi, kamar an yi masa tsaga an zuba shuni. Na tambaye shi ko zane ne. Ya ce a'a, kwal ne. In dutse ya yanke ka a cikin rami ƙurar kwal ta shiga ciwon, haka zai warke da ita har ka mutu. Ban san lokacin da na ce masa kakana ma yana da nasa tambarin a tsakar kai ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce: "Kakanka ma ɗan rami ne?" Na ce na kuza ne, ba na kwal ba, kuma su a fili suke haƙa. Ya ce duk ɗaya ne, wani ne ya kwashe kuɗin. Daga ranar ya daina ce mini yaro, ya koma kirana marra. Haka masu haƙar kwal na Durham suke kiran abokin aikin da suke shiga rami tare, wanda in rufi ya rufto shi zai tono ka.

A bakinsa na ji tarihin yankin, ba a aji ba. Yana ɗan shekara 12 ramin Easington ya yi bindiga, ranar 29 ga Mayu 1951, mutum 83 suka mutu har da biyu daga cikin masu ceto. Ya ce babu layin da ba a yi makoki ba. Duk da haka yana cika 15 ya shiga ramin nan, don babu wani aikin. Hanyoyin ramin sun miƙa har ƙarƙashin teku, mutum yana sara kwal jiragen ruwa suna wucewa a samansa. Kowa yana da ƙwandalar tagulla mai lambarsa, in zai sauka ya miƙa, in ya fito a san ya fito. Ƙwandalar da ta kwana ba a daidaita lissafinta ba, mai ita yana ƙasa. Tasa tana cikin wani gwangwanin taba a kan tebur, ya sa na ɗauko na riƙe. Ta sha hannu har lambar ta fara shafewa.

A 2019 ƙungiyarsu ta masu haƙar kwal ta Durham ta cika shekara 150, don a 1869 aka kafa ta. 'Yarsa ta roƙe ni in raka su bikin shekara-shekara da ake yi Asabar ta biyu a watan Yuli, in taya ta tura keken guragu. Wanda ya san hawan salla zai gane bikin nan ba sai an yi masa bayani ba. Kowane ƙauye yana tafe bayan tutarsa, wata ƙatuwar tuta mai zane da sai mutum da yawa sun kama, 'yan badujala suna biye suna busa. In sun iso gaban wani otal inda manya suke tsaye a bene sai su tsaya su yi kiɗa, kamar dai jahi. Bambancin shi ne babu sarki, kuma giya kamar ruwan famfo. Tun 1871 ake yinsa. Ramukan duk an rufe, na ƙarshe a 1993, amma titi ya cika ya batse har ba wurin sa ƙafa. Masoya ƙwallo ma su sani, filin wasan Sunderland a kan tsohon ramin Wearmouth aka gina shi.

Bayan bikin da 'yan makonni aka buɗe hedikwatar ƙungiyar don masu ziyara, ya ce lallai sai na gani. Sunan wurin Redhills, yana bayan doguwar gadar jirgin ƙasa, ba nisa da tasha. Ni na ɗauka ofis zan gani irin na ƙungiyoyin ƙwadago da na sani, ɗaki biyu da benci da kalanda. Sai ga ƙofar ƙarfe, ga fili da itatuwa, ga mutum-mutumi huɗu na shugabanninsu na farko, ga wani gini na jan bulo mai ƙubba kamar gidan gwamna. Na ce masa, wane attajiri ne ya ba ku? Ransa ya ɗan ɓaci. Ya ce ba wanda ya ba su. Kwabo-kwabo aka yanka daga ladan ma'aikata aka gina shi, aka buɗe a 1915. Kuma da gangan aka yi shi haka, don in masu ramuka sun zo tattaunawa su shigo gidan da bai gaza nasu ba, su san da mutane suke magana.

Sun isa su yi. A 1913 yankin yana da ramuka kusan 300, ma'aikata sama da 160,000, kuma sun haƙo kwal tan miliyan 41 a shekarar kaɗai. Amma kakanninsu, kafin 1872, kowace shekara sai mutum ya sa hannu a takardar da ta ɗaure shi ga mai rami ɗaya, in ya gudu a kamo shi. Da ya faɗi wannan na tuna Kaka a layi da rigarsa ɗaya.

Muka tura shi har cikin babban zauren. Shi ne suke kira majalisar 'yan rami. Kujeru kusan 300 na katako mai duhu, an jera su hawa-hawa suna fuskantar mumbari, sama kuma da bene na masu kallo. Ya yi kama da majami'a, kuma ba mamaki, don da yawa daga shugabanninsu na farko masu wa'azi ne na ɗarikar Methodist. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lambobin. Kowace kujera da lambarta, kowace lamba ta reshe ɗaya ce, wato rami ɗaya. Mutanen rami su zaɓi wakilinsu, ya wanke ƙura ya sa kwat ɗinsa ta Lahadi ya hau jirgi ya zo ya zauna a kujerar garinsu. In ya miƙe, da bakin dubban mutane yake magana, kuma in ya koma sai ya ba da bayanin yadda ya jefa ƙuri'a. A zauren nan aka yi ta yanke shawarar yadda za a tallafa wa gidajen tsofaffin ma'aikata, da wuraren jinya, da ɗakunan karatu, da filayen wasa, tun kafin gwamnati ta kawo asibitin kyauta a 1948. A da in ƙarfinka ya ƙare sai ka fita daga gidan kamfani, ko ina za ka je ba ruwan kowa. Daga cikinsu Peter Lee ya fito, wanda ya shiga rami yana ɗan shekara 10, ya zo ya shugabanci majalisar gundumar Durham, har aka sa wa garin Peterlee sunansa.

Tsohon ya ce in ɗaga shi. 'Yarsa ta ce a'a, ya yi kamar bai ji ba. Na sa hannu a hammatarsa, muka taka a hankali, yana tsayawa yana jan iska, har muka kai wata kujera. Ya zauna ya ɗora hannuwansa biyu, ya yi shiru. Can ya ce mahaifinsa ya taɓa zama wakili. Sannan ya buga kujerar kusa da shi ya ce: "Zauna, marra." Na zauna. Katakon ya yi sanyi, ya yi santsi inda hannaye suka daɗe suna gogawa. Ni dai tunanina ya tafi ga lamba. Kaka ma yana da lamba, heluma ne yake kiranta ranar biya. Lamba ce ta a ƙidaya ka. Wannan kuwa lamba ce ta a saurare ka, kuma masu kwano da diga ne suka yi wa kansu.

Sai dai ginin yana mutuwa, ko makaho ya shiga zai ji. Warin danshi ya cika ko'ina. Rufi yana yoyo, fenti yana ɓarewa, katako ya fara ruɓewa a wasu wurare. Dalilin a fili yake: ginin da kwabon ma'aikata ya riƙe, in babu ma'aikata wa zai riƙe shi? Tun yajin aikin 1984 zuwa 1985 ƙarfinsu ya karye. Shekara guda suka yi ba albashi suna ja da gwamnatin Margaret Thatcher a kan rufe ramuka, Arthur Scargill yana jagorantar ƙungiyar ta ƙasa. Tsohon ya ce matansu ne suka riƙe gari, suka buɗe wurin girki suna ciyar da ɗaruruwan mutane kullum. A watan Maris 1985 suka koma aiki bayan tutarsu, ba su samu komai ba. Da na lissafa sai na ga a shekarar da aka yi sunana, su da su Baba duk ƙasa ta zame musu. Har lokacin da na san tsohon akwai mutumin da ba ya gaisawa da shi a garin, don ya koma aiki kafin a janye yajin. Na taɓa ce masa shekara 35 ai ta isa a yafe. Kallon da ya yi mini ya sa ban sake ba.

A bakin ƙofa aka ba mu takardar neman taimako. An fito da wata dabara: duk mai so ya biya fam 100 ya ɗauki nauyin kujera ɗaya, a buga masa ƙwandalar tagulla irin ta shiga rami, a rubuta sunan wanda yake so a tuna, a maƙala a jikin kujerar. Shi tuni ya yi wa mahaifinsa. A mota ya ce: "Ka sa kakanka." Na ce Baba, kakana bai san Durham ba, kuma bai taɓa ganin kwal ba. Ya ce kuzar da ya haƙa ina aka kai ta? Na yi shiru, don na san amsar.

Fam 100 a lokacin ba ƙaramin abu ba ne a wurina, kuɗin cefanen wata ne, ga ƙannena suna jiran kuɗin makaranta. Na yi wata biyu takardar tana cikin aljihun jaka. Har na ce wa kaina wannan bidi'a ce ta Turawa, mamaci addu'a yake buƙata, ba tagulla ba. Gaskiya ne kuma, ban canza ra'ayi a kan haka ba. A ƙarshe sai na yi duka biyun: na aika gida a yi masa sadaka, na karɓi ƙarin aikin dare a lokacin hutu na biya kuɗin kujera. Na sa a rubuta sunansa, a ƙasa a sa Bukuru.

Sai korona ta zo, aka yi shekara biyu ba a yi bikin tutoci ba. A 2021 aka samu babban tallafi, fam miliyan 4.5 daga asusun adana kayan tarihi na cacar ƙasa, majalisar gundumar ma ta sa sama da fam miliyan 1. Ba zan ɓoye ba, da na ji daga caca kuɗin ya fito sai da gabana ya faɗi. Na gaya masa, ya ce tsofaffin masu wa'azin da suka gina wurin ma da sun ji da sun tashi daga kabari, don su ma ba sa caca ba sa giya. Amma, in ji shi, su wa ke sayen tikitin cacar in ba talakawan garuruwan nan ba? Ban gamsu ba, shi ma bai damu da in gamsu ba. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta miƙa ginin ga wata gidauniya, ya zama mallakar jama'ar yankin, don ta san kwananta ya kusa ƙarewa.

Aka rufe wurin aka shiga aiki. In na bi ta wajen sai in ga an kewaye ginin da ƙarafan hawa, ma'aikata a kan rufi. Kujerun ma an kwance su an fitar don a gyara su a kuma gyara daɓen da ke ƙarƙashinsu. Tsohon gini kuwa kamar tsohuwar mota yake, ka buɗe don abu ɗaya ka tarar da uku, ga tsadar kaya bayan korona, kuɗin ya yi ta hawa har ya wuce abin da aka ƙiyasta nesa. Akwai masu cewa a garuruwan da mutane ke karɓar abincin agaji, me ya sa za a zuba miliyoyi a bulo? Na ji wannan a bakin wata mata da muke aiki tare, kuma mahaifinta ɗan rami ne. Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba. Na dai san yadda yake a taso a garin da aka kwashe komai, ba a bar maka ko bangon da za ka nuna wa ɗanka ba.

Tsohon bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu cikin hunturu, kujeru suna waje. Lokacin na gama karatu na samu wani aikin, amma ina leƙa shi duk Lahadi. Zuwana na ƙarshe bai iya magana sosai ba, ya nuna gwangwanin taba, 'yarsa ta buɗe ta miƙo mini ƙwandalar. Na ce ba zan karɓa ba, ta jikokinsa ce. Ta ce shi ya ce. A jana'izarsa 'yan badujala suka busa taken da suke yi wa waɗanda rami ya ci, na tsaya a baya, ƙwandalar tana aljihuna.

A 2025 aka sake buɗe Redhills. Na je ni kaɗai. Warin danshi ya tafi, an yi sababbin ɗakuna inda yara ke koyon kiɗa ake kuma taruka, katakon zauren yana ɗaukar ido. Na bi layi-layi ina duba tagulla har na samu tamu. Na zauna na kira Baba ta bidiyo, don sai a lokacin na ga ya kamata ya ji komai, har da aikin wankan tsofaffi da na ɓoye masa. Bai ce komai a kan wannan ba. Ya sa tabarau ya matso da fuskarsa, na haska masa sunan mahaifinsa. Tambayar farko da ya yi ita ce nawa na biya. Da na faɗa ya buga lissafi da naira ya yi salati, ya ce da buhun masara nawa za a saya. Sannan ya ce in juya wayar ya ga wurin. Na juya a hankali, kujeru, mumbari, bene. Ya ce leburori ne suka gina wannan? Na ce su ne. Ya ce in ɗaga sama ya ga rufin, ya daɗe yana kallo irin kallon makanike, ya tambaya ko ya daina yoyo. Na ce ya daina.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta turo mini hoto. Baba ya je ya ɗauke kwanon sarkin nan daga gaban awaki, ya sa an wanke shi da toka, ya buga ƙusa ya rataye shi a zaure. Ta ce Inna tana ta faɗa, wai yanzu a me za ta zuba dusa.